Mun yi gemu, gem ɗin bai sani ba

Baban Ummi: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Admin a yi min afuwa, yau zan ɗan yi tsawo. Jiya da daddare bayan yara sun yi barci na ce bari in taɓa ƙwallo a gem, don rabona da kunna na'urar ya kai wata biyu. Ina kunnawa ta ce sai an sabunta. Na zauna ina kallon layin nan yana jan ciki kamar hawainiya, data tana ƙonewa. Da ya gama sai allo ya cika da tallar katunan 'yan wasa, wannan saura kwana uku ya ƙare, wancan saura awa goma sha biyu. Kafin in ga koren fili sha ɗaya ta gota. Wasa ɗaya na buga, wani ya ɗura min biyar ba ko ɗaya, kuma kowace ƙwallo sai ya tsaya ya kalli maimaicinta har ƙarshe. Na kashe na kwanta da haushi.

Abin da nake son mu tattauna ke nan. Mu da muka fara wasan ƙwallon Winning Eleven tun a PS1 (na'urar PlayStation ta farko), muka wuce PES, wato Pro Evolution Soccer, a PS2, yau mafi yawanmu mun haura talatin da biyar, da iyali da cefane. Ya kamata wasan ya girma tare da mu, ko kuwa mu ne ya dace mu ajiye hannu mu ba yara wuri?

Castolo na Fagge: Wa'alaikumus salam. Amsa a taƙaice: su dawo mana da PES 6, su sauya sunayen 'yan wasa kawai, su tafi hutu. Ba mu nemi komai ba bayan wannan.

Ɗan Auta: Yaya Baban Ummi, Allah ya huci zuciyarka, amma biyar ɗin nan ba laifin kamfani ba ne 😂 Yatsu ne suka yi nauyi.

Baban Ummi: Auta, lokacin da nake cin mutane da Roberto Carlos a lamba tara kana goye.

Castolo na Fagge: Faɗa masa dai. Yaran nan ba su san Babangida ba. Ka ɗauki Najeriya, ka tura wa Tijjani Babangida ƙwallo a gefe, ka danne R1, maɓallin gudu, shi ke nan, babu ɗan bayan da zai ga ƙurarsa. Ɗan Kaduna, yana Ajax a lokacin, amma rabin masu son sa a duniya a gem suka san shi. Sannan aka zo 2006, Adriano na Inter, ƙarfin bugu 99. Daga tsakiyar fili za ka danna maɓallin akwati gola ya bi ta da kallo. Har doka muka kafa a layinmu cewa ba a ɗaukar Inter sai in duka biyun sun yarda.

Injiniya: Malam Castolo, abin da ka lissafa a matsayin daɗi ai su ne lalacewar wasan. Ɗan wasa ɗaya da ba a iya tarewa har sai an kafa masa doka, yau in aka fitar da irinsa ku ne farkon masu zagi.

Bari in ɗan jero yadda aka zo nan, don kada mu yi ta dukan iska. Konami sun fara Winning Eleven a 1995, sunan Pro Evolution Soccer ya zo a 2001. PES 2021 shi ne na ƙarshe da wannan suna, kuma shi ma kwaskwarimar na 2020 ne kawai. Ranar 30 ga Satumba 2021 suka saki eFootball 2022, kyauta, sun bar injinsu na Fox sun koma Unreal, da nufin mai waya da mai PS su zama a gida ɗaya. Kowa ya tuna yadda ya fito, fuskokin 'yan wasa kamar an zana da gawayi, har ya zama wasan da ya fi kowane samun mummunan sharhi a Steam, kasuwar wasannin kwamfuta, a lokacin, kamfanin da kansa ya fito ya ba da haƙuri. Sun gyara da yawa daga baya, wannan gaskiya ne. Amma abin da ya fi ci wa irinmu rai shi ne ya zo babu Master League, salon da kake riƙe ƙungiya kai kaɗai kana gina ta kaka bayan kaka, suka ce zai biyo baya a saya daban.

A ɗaya ɓangaren kuma, tun da kamfanin EA, masu wasan FIFA, suka shigo da Ultimate Team, salon haɗa ƙungiya da katunan 'yan wasa, a FIFA 09, kuɗin ya koma can. Da sau ɗaya kake biya a shekara. Yanzu so ake kullum ka leƙo, kullum ka ga abin da zai wuce ka in ba ka saya ba. Wasan ba ƙin girma ya yi ba, hanyar cin abincinsa ce ta canja.

Oga Mai Gem: Salamu alaikum 'ya'yana. Ni ba na yawan magana a nan amma wannan ta shafe ni, don da yawanku a bencina kuka goge wando.

Shekara goma sha ɗaya na yi da shagon nan. Talabijin uku ƙanana, PS2 uku, benci biyu, da ɗan injin da sai an ja shi sau bakwai. Naira ashirin minti biyar, wanda aka ci ya tashi. In na'ura ta ƙi karanta kaset sai in kifa ta, ko in goge idonta da auduga, yara sun yi tsit kamar ana yi wa mara lafiya addu'a, sai an ji kiɗan farko a saki numfashi. Hannun buga wasa guda ɗaya ne mai lafiya sosai, shi ake rububi, sauran duk an ɗaure wayarsu da salatif. Akwai yaron da kullum in an ci shi sai ya ce hannun ne, yana cikin zauren nan, ba zan kama suna ba. Na sha ganin uba ya shigo da bulala ya fitar da ɗansa ta kunne ana tsakiyar bugun fenariti, sauran su ce Oga a bar wasan haka kada a kashe, zai dawo.

To ga abin da na lura da shi. Duk tsawon shekarun nan, masu cika min aljihu 'yan sha biyu zuwa ashirin da biyu ne. Yaro yana samun aiki ko ya yi aure sai ya ɓace. Ya kan biyo ta ƙofar shago ya ce Oga ina ma a dawo da, mu gaisa, ya wuce. Ko sisi bai ajiye ba. Wanda ya ajiye ashirin ɗinsa shi ne ƙaninsa. To in ni mai talabijin uku na gane haka, kuna zaton masu kamfani a Japan ba su gane ba? Kuna son a yi muku ɗinki, amma ba ku zuwa wajen tela sai da sallah.

Baban Ummi: Oga, Allah ya ƙara girma. Maganar hannun nan kuma a rufa asiri, hannun ne da gaske.

Amma ban yarda da ƙarshen maganarka ba. Da ba mu da kuɗi, muna da lokaci. Yanzu mu ne masu iya sayen na'urar da kaset ɗin ba tare da mun roƙi kowa ba. PS5 ɗin da ke gidaje wa ya saya, Auta ne? Abin da ba mu da shi lokaci ne, shi kuma wasan yanzu lokacin yake ci kafin ya ci kuɗi.

Ɗan Auta: Baba Oga ya gama magana ai. Kuma Yaya, ku riƙa yi mana adalci. Ku sai da kuka je shago kuka bi layi. Ni a wayata nake bugawa, ban biya ko kwabo ba na sauke shi, ina cikin adaidaita ina buga wasa da wani a Indonesiya. Da a ce kaset ne na dubban nairori da ni da abokaina babu mai taɓa shi. Abin da kuke kira lalacewa shi ya buɗe mana ƙofa. Sannan tsofaffin naku ma ai suna nan, ana fitar da katunan tsofaffin taurari, a wasan EA har Okocha da Kanu akwai.

Castolo na Fagge: A saka min Okocha a kati a ce in yi ta zuba kuɗi ko Allah zai sa ya fito? Wannan ba girmama ni aka yi ba, an gano inda nake da rauni ne.

Maman Khalifa: Sannunku da hira. Ku bar ni in sa baki, don duk maganarku ta maza ce da shagon Oga, mu kuwa ko ƙofar ba a bari mu leƙa ba. A gida na koya, a PS2 ɗin yayana, in ya tafi makaranta in ɗauko daga ƙarƙashin gado in mayar kafin ya dawo. Ya daɗe yana mamakin yadda memorinsa ke cika.

Ni misalin da nake gani na wasan da ya girma da mutanensa shi ne God of War. Na 2005 Kratos fushi ne tsagwaronsa, ihu da sara, daidai da ɗan shekara sha bakwai. Na 2018 kuma sai ga shi da gemu, muryarsa ta yi ƙasa, yana tafe da ɗansa Atreus za su kai tokar matarsa kan dutse mafi tsawo kamar yadda ta yi wasiyya. Akwai inda yaron ya juya baya, uban ya ɗaga hannu zai dafa kafaɗarsa, sai ya fasa ya sauke. Wallahi nan na ajiye hannun na yi shiru, don na san mazan gidanmu da yawa da haka suke, ana so amma ba a iya nunawa. Wanda ya jagoranci aikin, Cory Barlog, shi ma ya haihu a tsakanin, kuma ya sha faɗin cewa zamansa uba ya shiga cikin labarin. Shekara goma sha uku tsakanin na farko da wannan, waɗanda suka yi wasan sun girma, masu bugawa sun girma, sai aka haɗu a hanya. Ba na yara ba ne dai, kada wani ya ce na ce a kunna wa Khalifa.

Castolo na Fagge: Hajiya, wannan labari ne, dole jarumi ya tsufa. Ƙwallo fa? Sha ɗaya da sha ɗaya ne har tashin duniya. Ko so kike a sa wa Mbappe ciwon baya da kuɗin makaranta?

Maman Khalifa: Da an sa masa da kun fi jin daɗin bugawa da shi, kun samu ɗan uwa.

Baban Ummi: 😂 Hajiya ta gama da kai. Amma tsaya Castolo, kai da ka ari sunan mutumin, ka manta Master League ɗin da kake kuka a kai tsufa ne ginshiƙinsa? Ka fara da su Ivarov a raga, Valeny a baya, Minanda a tsakiya, Castolo a gaba yana harba ƙwallo sama kamar mai jifan mangwaro. Kana rukuni na biyu, kana tara maki kaɗan-kaɗan, in kaka ta ƙare ba ka iya biyan albashi ba wasan ya ƙare maka gaba ɗaya. Ka sayi yaro ɗan sha bakwai ka raine shi, ka ga ƙarfinsa yana hawa, ya kai ganiya, ya fara sauka, wata rana ya yi ritaya. Bayan 'yan kakanni sai ka gan shi ya dawo yaro sabo a kasuwa, ka yi ta murna kamar ka ga ɗan amininka. Ni na yi kaka goma sha huɗu a memori guda mai 8MB, na gina Kano Pillars da hannuna a wajen gyaran ƙungiya, harafi bayan harafi, da rigarsu ruwan ɗorawa. Babu wanda ya ce min in ban leƙo yau ba zan rasa wani abu. In na yi tafiyar wata guda, ina dawowa ƙungiyata tana nan inda na bar ta.

Wannan nake nufi da girma tare da mu. Ba ina cewa a rage gudu don yatsuna sun yi nauyi ba, Auta ka ji. Cewa nake a ba ni wasan da zai jira ni. Minti ashirin nake da shi tsakanin isha'i da barci, a bar ni in shiga fili a minti na farko. In Ummi ta farka tana kuka in tsayar, in an kira salla in tsayar, ba a rubuta min an ci ni uku ba don na fita. In sabis ya ɗauke wasan ya ci gaba. Kuma ƙungiyar da na raina bana ta bi ni zuwa na baɗi, ba kowace shekara a rushe min gida a ce in sake aza tubali ba.

Injiniya: To a nan kam akwai waɗanda suka fara ji. Football Manager tun a na 2013 suka ƙara wani salo mai suna Classic, don sun lura mutanensu sun girma ba su da sati uku na gama kaka guda, aka rage tarurruka da ƙananan ayyuka, ka zaɓi 'yan wasa ka buga. EA kuma a FC 26, magajin wasan FIFA, da ya fito a Satumban 2025 sun raba yadda ake buga wasan gida biyu, ɗaya mai sauri don masu gasa a intanet, ɗaya mai nutsuwa don masu buga Career, irin Master League ɗinsu, su kaɗai. Wato sun amsa da bakinsu cewa riga ɗaya ba za ta shiga Auta ta shiga Baban Ummi ba. Ko sun dace a aikin wannan wata magana ce, amma hanyar ita ce.

Sai dai in faɗa muku abin da ba ku so. Salon da mutum zai buga shi kaɗai ba ya kawo musu kuɗi bayan ranar saye. Don haka kullum shi ne ɗan bora.

Maman Khalifa: Injiniya ka taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Watan jiya na ga an cire min kuɗi sau huɗu a jere, ashe Khalifa ne ya ɗauki wayata yana sayen sulallan wani wasan ƙwallo, yana neman ɗan wasa guda. Bai samu ba. Da na tsare shi sai ya ce Mama saura kaɗan ya fito. Gabana ya faɗi da jin kalmar nan, don na san a bakin su wa ake jin ta. Shekararsa tara. Ku kuna maganar wasan ya girma da ku, ni kuwa cewa nake masu wasan su tuna yaran jiya su ne iyayen yau, mu ne za mu ce a kunna ko kada a kunna a gidan.

Injiniya: Ba ke kaɗai ba ce Hajiya. A 2018 hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ce irin waɗannan akwatunan sa'a da ake saya da kuɗi caca ne a dokarsu, kuma a farkon 2019 EA suka daina sayar da FIFA Points, sulallan sayen akwatunan, a ƙasar. Ki shiga saitin wayar ki sa kada a sayi komai sai da lambar sirri, ki cire katin banki daga ciki.

Ɗan Auta: Anti ba dole ba ne fa a saya. Ni ban taɓa sa kuɗi ba kuma ina cin masu sa wa.

Maman Khalifa: Kai awa nawa kake yi a kai kullum?

Ɗan Auta: Anti mu bar wannan maganar.

Admin: Masu turo min saƙo ta gefe a kan hukuncin katunan nan, ni ba malami ba ne, a kai tambayar inda ta dace. A ci gaba, ban da zagi.

Na Maraɗi: Gaisuwa daga wannan ɓangaren iyaka. Mu ma nan haka muka taso, sai dai Faransanci na'urar take yi mana. Ni ina ganin akwai abin da ko kamfanin ya so ba zai iya mayar muku ba. Ba Adriano kuke kewa ba. Mutum goma sha biyar a bayanka suna ihu, wanda ka ci yana zaune cinyarsa na gugar taka, gobe ku haɗu a makaranta ka tsokane shi, wannan kuke nema. Yanzu ko ka ci bakwai, kai kaɗai ne a ɗaki da fanka. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Baban Ummi: Akwai gaskiya a nan, ba zan musa ba. Amma ko wannan ɗin suna da abin yi a kai. Wasan mutum biyu a tabarma ɗaya shi ne asalin abin, yau kuwa sai ka ratsa shafi nawa kafin ka same shi. Wata rana na miƙa wa Ummi hannu na biyu, shekararta bakwai, ta ɗauki masu jar riga don ta ce sun fi kyau. Ba ta san komai ba sai danna maɓalli ɗaya, ta zura ƙwallo a ragarta ta tashi tana tsalle, ni ma na taya ta. Da akwai yadda za a ba ta sauƙi ni a ba ni wuya a wasa guda, mu yi kunnen doki da gaske ba ina yi mata ƙarya ba, da kullum sai mun buga.

Injiniya: Ana iya kusantar haka, ka ba ta babbar ƙungiya ka ɗauki ta ƙasa, ka kunna mata duk taimakon ba da ƙwallo da bugu, kai ka kashe naka. Za ka sha mamaki.

Castolo na Fagge: Jama'a na dawo. Maganar Injiniya ce ta tsaya min a rai, na je na kunna PES 6 a kwamfuta. Zan faɗi gaskiya ko da a kaina ne. Fuskokin kamar an sassaƙa da gatari, golan yana amai da ƙwallon da ko ni zan kama, kuma Chelsea har yanzu London FC take. Ban tuna haka yake ba.

Ɗan Auta: Alhamdulillah, an farka.

Castolo na Fagge: Ban gama ba yaro. Daga kunnawa zuwa busa usur ko minti ɗaya ban yi ba. Na ce wasa ɗaya zan buga, yanzu ina mako na shida a Master League, Minanda ya ba ni ƙwallo biyu, maiɗakina ta leƙo sau biyu tana tambaya ko lafiya.

Oga Mai Gem: Guda ɗaya cikin PS2 ukun nan tana nan a kwali a saman sif, da hannu biyu. Ban san ko idonta zai karanta ba, amma auduga ba ta ƙare a duniya ba. Asabar bayan la'asar ƙofar gidana akwai inuwa. Mai zuwa ya zo da kuɗin fetur, ashirin ɗin da ba ta sayen komai yanzu.

Baban Ummi: In sha Allahu ina nan tafe, da Ummi. Ba a ɗaukar Inter.

Maman Khalifa: Zan turo Khalifa da kawunsa, mai memorin nan. Ku bar shi ya ga yadda ake cin wasa ba a sayi kowa ba.

Castolo na Fagge: Hannu mai lafiyan nawa ne, na riga kowa faɗa.

Ɗan Auta: Ni ma zan zo in ga abin da ake ta kuka a kai. Baba Oga, a wannan ɗin wanne ake dannawa a buga raga?